CSM, PSM ko PMI-ACP? Don Allah a ba ni shawara, kaina ya ɗaure

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Shekarata shida ina gwajin manhaja a wani kamfani da ke bin tsarin ajayil (agile), wato yin aiki kashi-kashi a gajerun zanguna ana gyara yayin tafiya. Scrum, ɗaya daga hanyoyin ajayil, muke bi, kuma tun da jagoran Scrum ɗinmu ya ajiye aiki bara, ni ke kiran taron safe na minti 15, ni ke zama a tsara aikin kowane zango na mako biyu, ni ke raba gardama idan masu rubuta manhaja da masu gwaji sun fara nuna wa juna yatsa. Allon aikin ma ni ke gyara shi bayan kowa ya tashi, ina matsar da katuna ɗaya bayan ɗaya. Da aka tashi cike gurbin, sai aka ɗauko wani daga waje, wai yana da satifiket. Ranar da ya fara, ni na zagaya da shi ina nuna masa komai, na dawo kujerata na kasa taɓa aiki har aka tashi. Na yi niyyar yin satifiket ɗin CSM na jagorancin Scrum, amma ana ta ce mini in yi PSM, shi ma na jagorancin Scrum, ko PMI-ACP na ajayil gaba ɗaya. Wanne zan yi?

Babban yaya: Wa'alaikumus salam. Ƙanwata, PSM I, wato matakin farko na PSM, za ki yi, magana ta ƙare. Scrum.org ke bayarwa, kuma Ken Schwaber ne ya kafa ta a 2009, shi da Jeff Sutherland suka rubuta Scrum Guide, littafin ƙa'idojin Scrum. Tambaya 80 cikin awa ɗaya, sai kin ci kashi 85 cikin 100. Ba dole sai kin shiga aji ba, kuma satifiket ɗin ba ya mutuwa. CSM kuwa sai kin zauna kwas na awa 16 wurin malamin da Scrum Alliance ta amince da shi, tambaya 50, kin ci 37 kin wuce, sannan duk shekara biyu ki sabunta, ki sake biya. Ki nemi Scrum Guide na 2020, bai kai shafi 20 ba, ki karanta har ya zauna miki.

Wani ɗan'uwa: Ni CSM da PSM duka biyun nake da su, yau wata takwas ina neman aiki. A ganawar ƙarshe ko kallon takardun ba su yi ba. Cewa suka yi in faɗa musu abin da na yi ranar da ƙungiyata ta kasa kammala aikin zango. Inda na baro kuwa, suna kawai aka canja wa manajoji zuwa jagororin Scrum. Taron minti 15 ya koma minti 45, kowa a tsaye ana yi masa titsiye. Har yau abin na ci mini rai.

Wata 'yar'uwa: 'Yar'uwa, ba ki faɗa mana aikin da kike hari ba. In jagorancin Scrum ne, CSM ko PSM duk za su shigar da takardarki. In kina son zama manajar ayyuka, ki duba PMP, satifiket ɗin manajan ayyuka, domin a 2021 kusan rabin jarrabawarsa ya koma kan ajayil da tsarin da ya gauraya ajayil da tsohuwar hanya. PMI-ACP ya fi faɗi, ya taɓo wasu hanyoyin aiki irin su Kanban da Lean da XP, tambaya 120 cikin awa uku, amma sai kin nuna shaidar aikin da kika yi a aikace. Shekarar nan da kika riƙe ƙungiya jari ce, ki rubuta ta dalla-dalla. Ki buɗe tallan aiki ashirin irin wanda kike so, ki ƙirga sunan da ya fi fitowa. Wasu manyan kamfanoni satifiket ɗin SAFe suke nema, wato tsarin ajayil na ƙungiyoyi masu yawa.

Babban yaya: Ki rabu da SAFe, duk shekara sai an sabunta. Mutum 17 da suka zauna a Utah a 2001 suka rubuta manufofin ajayil, mutane da mu'amalarsu suka fifita a kan tsare-tsare da kayan aiki. PSM I, ƙanwata.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Amma Yaya, ni karatu ni kaɗai ba ya shigata, sai da malami a gabana ina tambaya. Kuma CSM ɗin ne wanda aka ɗauka yake da shi. Ga shi na riga na yi wa malamin alkawari.

Wata 'yar'uwa: Har yanzu ba ki amsa ni ba. Kuma manajanku ne da bakinsa ya ce rashin satifiket ya hana ki?

Mai tambaya: Wata abokiyar aiki ce ta faɗa mini, kuma ba ta ƙarya. Ba zan iya tunkarar manaja da wannan ba, sai ya ɗauka hassada nake yi. Ranar Asabar ake fara ajin.

Babban yaya: To ki yi, amma shekara biyu masu zuwa za ki tuna da maganata.

Wani sabon shiga: Don Allah ni ma a taimaka. Ba harkar manhaja nake yi ba, ɓangaren talla nake. PSM ɗin zai amfane ni?