Ƙarar waya ta ishe mu a masallaci, mu sayi na'urar datse sabis?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ne ma'ajin kwamitin wani masallacin khamsu salawati a cikin Kano, unguwar kam ba sai na faɗa ba. A bakin titi yake, ga 'yar kasuwa a gefe, don haka Azahar da La'asar maƙil yake cika da 'yan kasuwa da masu adaidaita sahu. Damuwarmu waya. Mun manna takarda a ƙofa, mun manna a ginshiƙi, har hoton waya da jan layi a kai muka sa, amma kamar ana zuga su.

Abin da ya kawo ni shi ne na Larabar da ta wuce. Magariba ce, liman yana tsaka da Fatiha, sai kiɗan biki ya tashi daga aljihun wani bawan Allah a sahu na biyu. Shi kuma ya ƙame, ko motsi bai yi ba. Ta yi ta katse, ta sake, har sau uku. Wani yaro a bayana ya kasa riƙe dariya, liman kansa sai da sura ta kufce masa aka yi masa gyara. Ana sallamewa wani dattijo ya juyo ya wanke mutumin tas a gaban jama'a. Ya ɗauki takalminsa ya fita, har yau ban sake ganinsa ba, kuma shekara biyu yana salla da mu.

A zaman kwamiti wani daga cikinmu da ke zuwa sarin kaya China ya ce akwai na'urar da ake kafawa a bango ta ɗauke sabis gaba ɗaya, zai iya taho mana da ita. Kuɗinta ya kusa cinye abin da muka tara don canja batirin sola. Mutum huɗu sun yarda, ni da na'ibi muna ɗari-ɗari. Don Allah wanda ya san na'urar nan ya gaya mini gaskiya, tana aiki? Ba za mu jawo wa kanmu rigima da hukuma ba? Ku a masallatanku yaya kuke yi?

Ɗan sahun gaba:
Wa alaikumus salam. Ku saya kawai Malam ma'aji. Mutanenmu ba sa jin magana sai an yi musu dole. Minti goma babu sabis ba zai kashe kowa ba.

Mai gyaran waya a Farm Centre:
Alhaji, kafin ku taɓa kuɗin jama'a bari in gaya maka yadda abin yake, don na taɓa kunce irinta a kan teburina. Ba wata dabara gare ta ba, ihu take yi. Wayarka da eriyar kamfani magana suke a kan wasu zangunan rediyo, 2G a 900 da 1800, 3G a 2100, 4G kuma yana da nasa daban-daban. Ita na'urar sai ta riƙa watsa hayaniya a kan zangon nan har wayar ta daina jin eriya. Kamar mutum biyu suna hira wani ya zo ya tayar da janareta a tsakaninsu.

To hayaniya ba ta san katanga ba. Babu yadda za ka ce mata ta tsaya a bakin ƙofar masallaci. In ƙarama ce, kuma eriyar kamfani tana kusa da ku, sahun baya zai ci gaba da karɓar kira, kun yi asarar kuɗi. In mai ƙarfi ce, ta haɗa da gidan maƙwabci da shagunan da ke jikin bangonku. Sannan wayoyin da ke ciki duk za su riƙa shan caji, domin waya in ta rasa sabis ƙara ƙarfi take tana lalube.

Babban abin ma, ka saurara da kyau sati ɗaya ka ji me ke ƙara a masallacin naku. Zan iya rantsewa ba duka ne kira ba. Akwai alam da mutum ya saita ya manta. Akwai manhajar lokutan salla da ke kwarara kiran salla ana raka'a ta biyu, saboda lokacinta bai zo ɗaya da na masallacinku ba. Waɗannan ba ruwansu da sabis, ko a ƙasan rijiya ka sa wayar sai sun yi. Na'urarku ba za ta taɓa su ba.

Mai POS:
Allah ya saka wa mai gyara. Ni teburina a jikin wani masallaci yake. Da ma yaya lafiyar kura, sabis ɗin da muke lallaɓawa a ce kuma sau biyar a rana a ɗauke shi da gangan? A cire wa mutum kuɗi a asusu, takarda ba ta fito ba, wa zai raba ni da shi? Kwamiti?

Lauya mai koyon aiki:
Ta fuskar doka, ranka ya daɗe, ka ja kunnen 'yan kwamitinku. Zangunan nan da mai gyara ya lissafa ba na banza ba ne, lasisi kamfanoni suka biya, an fara ba su tun gwanjon 2001, shekarar da GSM ya fara aiki a ƙasar nan. Dokar Sadarwa ta 2003 ta ɗora wa hukumar sadarwa ta ƙasa, wato NCC, kula da su, kuma kayan sadarwa sai wanda ta amince da irinsa ake amfani da shi. Ko na'urar ƙara ƙarfin sabis da mutane ke kafawa a gidaje hukumar ta sha gargaɗi a kanta saboda tana dagula wa wasu layi, balle wadda aikinta kenan dagulawa. Kamfani yana gani a wajensa in wani yanki yana yawan faɗuwa a lokaci guda kullum, kuma ana iya bin sawun hayaniyar har inda take fitowa. Ranar da aka zo, ba za a tambayi wanda ya kawo shawara ba, wanda ya sa hannu aka fitar da kuɗi za a nema.

Ba ku kuka fara wannan tunani ba. A 2004 wasu coci-coci a garin Monterrey na ƙasar Meziko sun kafa irinta saboda waya ta hana su ibada. A shekarar ce Faransa ta ba gidajen sinima da na wasan kwaikwayo izini, da sharaɗin kada ta taɓa kiran gaggawa ko mutanen waje, daga baya kuma ta janye iznin. A Amurka sayarwa da amfani duk laifi ne, hujjarsu kiran gaggawa. Mu ma muna da lambar gaggawa 112, kuma na'urar ba ta bambance shi da kiran mai bin bashi.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Ɗan sahun gaba, ka ce minti goma ba zai kashe kowa ba. Ni ina ɗakin haihuwa. Mace ta fara zubar da jini a gidan da ke bayan masallaci, mijinta yana kasuwa, mai adaidaitan da suka saba kira yana bakin titinku, minti goma ba wasa ba ne. Kuma wa ya ce minti goma ne? Na san halinmu. Ranar da mai kunnawa ya manta bai kashe ba, tun Isha'i har Asuba unguwa babu layi.

Ɗan sahun gaba:
Na karɓi gyara Hajiya. To a ajiye kwando a ƙofa kowa ya zuba wayarsa, in an idar ya ɗauka.

Mai shayi:
Kwando? A masallacin da ake raba takalmi ƙafa ɗaya nan ƙafa ɗaya can don kada a ɗauke? Ka kawo taka mu fara gwaji da ita.

Malamin Islamiyya:
Malam ma'aji, ni abin da ya tsaya mini a labarinka ba na'urar ba ce, mutumin nan ne da ya ƙame. Ba taurin kai ya yi ba, tsoro ya ji. A saninsa in ya sa hannu a aljihu sallarsa ta ɓaci, shi ya sa ya zaɓi ya sha kunya. Irinsa suna da yawa, kuma laifinmu ne mu masu karantarwa. Motsi kaɗan don wata buƙata ba ya ɓata salla. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Ya kuma yi umarni a kashe maciji da kunama ko ana cikin salla. To ina ga danna maɓalli ɗaya don a bar bayin Allah su ji karatun liman? Barinta tana ruri shi ne cutarwar. Akwai hadisin Abu Sa'id a Abu Dawud, inda aka hana masu karatun Alƙur'ani ɗaga murya a kan juna a masallaci. In karatu ma an ce a sassauta, ka ga kiɗa ba a maganarsa.

A nan zan ɗan taɓa 'yan uwana masu sa ƙira'a ko kiran salla a matsayin ƙarar kira suna ganin sun tsira. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yi matsaya a 2007 cewa kada a mai da ayoyi ƙarar waya. Kira zai shigo kana banɗaki, ko ka katse aya a tsakiya don ka ce "hello". Kuma a cikin sahu ƙira'ar ta fi kiɗa rikita liman, tunda kunnensa bin ta zai yi.

Shi kuma dattijon, Allah ya ƙara masa lafiya, a tuna masa balaraben ƙauyen da ya yi fitsari a masallacin Madina, sahabbai suka taso masa aka ce su ƙyale shi, aka zuba ruwa a wurin, aka kira shi aka yi masa bayani. Ku nemi mutumin nan. Ku je har inda yake sana'a, kada ku aika yaro.

Mai gyaran waya a Farm Centre:
Allah ya gafarta Malam, ka tuna mini. Ba sai ma ya ciro wayar ba. Babbar waya in tana ƙara, ka danna maɓallin ƙara sauti ko na ragewa sau ɗaya, ta saman riga ma, take za ta yi shiru, kuma mai kira ba zai ga an katse shi ba. Sai dai in ya sake kira za ta sake yi. Ƙananan masu tocila, irin Nokia da Itel da Tecno da dattawanmu ke riƙewa, yawancinsu in ka danne # na ɗan lokaci sai su koma shiru ko jijjiga, ka sake dannewa su dawo. Da yawa tsoronsu kenan, kada su sa ta a shiru su kasa dawo da ita sai jika ya taso daga makaranta.

Masu Android su nemi Do Not Disturb, wato tsarin da ke sa waya ta yi shiru, ana saita masa lokaci ya kunna kansa ya kashe kansa. Azahar da La'asar da sauƙi tunda yawancin masallatai lokacinsu a tsaye yake, Asuba da Magariba ne ke matsawa da damina da hunturu, sai a riƙa gyarawa. Za ka iya ware lambar gida ta shigo, ko ka ce in mutum ɗaya ya sake kira cikin minti 15 a bar shi ya wuce. A iPhone minti 3 ne, kuma irin wannan tsarin nata, da ake ce wa Focus, yana iya kunna kansa in ka iso wurin da ka nuna masa a taswira. Alam dai yana tsallake duk wannan in ba ka hana shi ba, a duba.

Ƙarin ɗaya: in kuna jin "dit-dit-dirr" a lasifika, wayar da ke kusa da amfilifaya ko makirfo ce take magana da eriya, ko tana shiru sai ta yi. Sau tari ta ladan ce, ko ta mai caji a soket ɗin mihrabi.

Wani na'ibi daga Zariya:
Mu abin da ya rage mana shi ne bakin liman. Takardar bango ido ya saba da ita, ba mai ganinta. Amma in an tayar da iƙama, liman ya juyo ya ce a daidaita sahu, a toshe kafa, a duba waya, sannan ya yi shiru kamar numfashi uku kafin ya kabbarta. Shirun nan shi ne maganin. In ya faɗa ya kabbarta nan take ba wanda zai taɓa aljihu, kowa tsoron rasa kabbarar farko yake. In ya jira za ka ga hannaye sun tafi aljihu sahu guda. Har yanzu ana samun mai kufcewa, musamman masu shigowa a makare da gudu, amma ba kamar da ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan Isha'i na karanta wa kwamiti amsoshinku. Maganar lauya ce ta fi shiga, da na zo wajen "wanda ya sa hannu" shugaba ya ce a rufe zancen na'ura, gobe za a je sayen batir. Mai zuwa China bai ji daɗi ba amma bai ja ba. Liman ya karɓi shawarar Zariya, ya kuma ce Juma'a bayan La'asar zai yi bayanin motsi a salla. Yara biyu 'yan makarantar dare za su zauna a ƙofa da Magariba su nuna wa dattawa wurin dannawa.

Mai gyara, ka canka daidai, ƙarar lasifikar nan ta wayar ladanmu ce, a kan amfilifaya yake ajiye ta tun da aka sayo shi.

Mutumin kuwa an gano mini shi, kayan miya yake sayarwa a bakin kasuwa. Ni da na'ibi za mu je da safe. Dattijon ne har yanzu ya ce shi bai ga abin da ya yi ba, kuma ƙanin mahaifin liman ne, to ban san wa zai tunkare shi ba. Malamin Islamiyya, in kana kusa, ko za ka shigo mana Asabar?