Tambaya kan Ikko (Legas), jiragen ruwa da tsofaffin sojojinmu

Jikan Tsohon Soja, daga karkarar Ringim:
Assalamu alaikum. Bayan rasuwar kakarmu mun buɗe adakar marigayi kakanmu, muka tarar da wata lambar soja mai siffar tauraro, tsininta shida, naɗe cikin tsohon ƙyalle. Yakan ba mu labari cewa jirgin ƙasa ne ya kwashe su zuwa Ikko, daga can aka zuba su a jirgin ruwa sai yaƙin Bama (wato ƙasar Burma), kuma ya yi kwana uku yana haraswa, ko ruwa ba ya zama a cikinsa. Ina roƙon masana su fahimtar da ni: tun yaushe Ikko ta zama garin soja da jiragen ruwa, kuma ta ina Hausawa suka shiga lamarin?

Malamin Firamare, Ɓaɓura:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan magabata. Abin ya samo asali tun kafin a haifi kakanka. A watan Disamba na 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Ikko ruwan wuta, suka kori Sarki Kosoko, suka mayar da Akitoye kan gadon sarauta, sannan a 1861 ɗansa Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa garin ga Turawa. Bayan shekara biyu, wato 1863, wani hafsan sojan ruwa mai suna John Glover ya haɗa 'yar ƙaramar runduna ta masu jin Hausa don tsaron garin, kuma daga wannan rundunar ce sojan Nijeriya na yau yake ƙirga asalinsa. Su kakanka kuwa, runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta tashi a 1943, ta 82 ta bi bayanta a 1944, kuma a Indiya aka fara sauke su kafin a tura su dajin Bama.

Direban Tirela, ɗan Gezawa:
Malam ya yi bayani, amma akwai abin da idona ya gani, domin na shekara goma ina ɗaukar kaya daga Apapa, tashar jiragen ruwa ta Ikko. A da manyan jirage ba sa iya shiga Ikko saboda tudun rairayi da ya tokare bakin teku, sai dai su tsaya daga nesa a yi ta jigila da ƙanana, har sai da aka gina dogayen katangun dutse cikin ruwa a farkon ƙarni na 20. Layin dogo ya iso Kano a 1911, saboda haka titin da ya kai gyaɗarmu bakin teku shi ne ya kai samarinmu. Idan ka je, ka lura da sunayen barikoki: akwai Arakan a Apapa, akwai Myohaung a Yaba, kuma dukansu sunayen wurare ne a Bama inda aka gwabza.

Malamin Firamare, Ɓaɓura:
Madalla, Alhaji. Zan ƙara wani abu da ba a cika son faɗa ba, wato da yawa daga mutanen Glover na farko bayi ne da suka tsere daga hannun iyayengijinsu, suka ga kakin soja ya fi musu komawa. An kai su yaƙin Ashanti, a ƙasar Ghana ta yau, a 1873. Ita rundunar sojan ruwa ta Nijeriya kuwa sai a 1956 aka kafa ta.

Jikan Tsohon Soja:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Akwai wata takarda da ta fara cinyewa a ƙasan adakar, zan duba ko lambar rundunarsa tana jiki.