Me za mu kira "vicarage" da "listed building" da Hausa?

1/ 'Yan uwa masu fassara, ku taya ni. Ina aiki kan labarin wani tsohon gida a ƙauyen Haworth da ke Yorkshire a Ingila, kalmomi biyu sun tsaya mini a maƙogwaro.

2/ Ta farko "vicarage", wato gidan da cocin Angilikan ke ba jagoran majami'a ya zauna. Asalin kalmar daga Latin ne, ma'anarta wakili, shi ya sa na so in ce gidan na'ibi. Amma Bahaushe na jin na'ibi sai masallaci ya faɗo masa a rai. Gidan fada kuma na Katolika ne. Na tsaya a kan gidan limamin coci.

3/ Ta biyun, "listed building", wato ginin da aka sa a rajistar hukuma domin a kare shi, ita ce mai wuya. Gidan Haworth ginin dutse ne mai bene, an gama shi a 1779, aka ƙara masa sashe a 1878. Yana ajin farko cikin azuzuwa uku na rajistar da hukumar Historic England ke riƙe da ita, mai ɗauke da wurare kusan 400,000.

4/ Wani malamina ya ce, "Ɗana, ai ginin tarihi ne, kada ka wahalar da kanka." Allah ya gafarta malam, ban gamsu ba. Ginin tarihi yana sa mu tuna Gidan Makama na Kano, inda ake shiga kallo a fita. Gaskiya na Haworth ma ya koma gidan tarihi tun 1928, sai dai yawancin irin waɗannan gidaje da mutane a cikinsu, ana girki, yara na guje-guje a matakala.

5/ Ga inda gizo ke saƙar. Gidan naka ne, kana iya sayarwa ko ka bar wa magada. Amma tsohuwar tagar katakon nan da ta fara ruɓewa, ba ka isa ka ɓalle ta ka sa ta roba ba sai ƙaramar hukuma ta ba ka izini. A dokar Ingila ta 1990 kan irin waɗannan gine-gine, yin gaban kai laifi ne da kan iya kai mutum kurkuku har shekara 2.

6/ Don haka nake ba da shawarar ginin amana. Mallakarka ne, amma ba yadda ka ga dama za ka yi da shi ba, domin na baya ma suna da haƙƙi a ciki. A takardun hukuma a rubuta ginin amana mai rajista, aji na 1 ko na 2. Ajin tsakiya, wanda suke sa wa tauraro, mu ce aji na 2 mai tauraro.

7/ Wanda ke ganin amana za ta rikice da waƙafi, don Allah ya yi magana kafin in miƙa aikin ranar Litinin.