Musayar Waƙa: Daga Tudun Biri Zuwa Dajin Tsafe

Malam Na-Rigasa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya na bi ta Igabi, sai Tudun Biri ta faɗo mini a rai. Daren 3 ga Disamba 2023 ne jirgin soja marar matuƙi ya saki bom a kan masu Mauludi, hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta ce mutum 85 aka binne. Amsa-amon "ya" ne, duk mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah zan soma,
Sarkin da ya ƙagi duniya.
Tudun Biri an taru da dare,
Ana yabon Manzon shiriya.
Tsofaffi na bisa tabarmi,
Yara na tsalle da dariya.
Wuta ta sauko daga sama,
Ba hadari, ba walƙiya.
Masu ceto suka rugo,
Ta biyu ta biyo su a baya.
Wanda ya zo neman ɗansa,
Da shi da ɗan kabari ɗaya.
Ku taya ni kuka 'yan'uwa,
Abin ya tokare zuciya.

Sajan Mai Ritaya:
Allah ya jiƙansu, Malam. Amma a bar tsohon soja ya sa baki.

Malam na ji zafin kukanka,
Ban zo in yi maka jayayya.
Sojan nan ɗan talaka ne,
Uwa ta sallame shi da juriya.
Rundunar ta amsa laifinta,
Ba ta ɓuya a bayan ƙarya.
Babban hafsa Lagbaja ya taka har ƙauyen,
Ya ba da haƙuri, ya ji kunya.
Amma wa ya ja jirgi dajin?
Masu kora mutum kamar tunkiya.
Wa ya fasa dogo a Katari,
Ya kwashi fasinja ya yi tafiya?
Wa ya shiga makarantar Kuriga,
Ya tasa yaro da yarinya?
Maciji in ya shigo ɗaka,
Sanda ake nema, ba shawarar tsiya.

Kuma ku tuna, tun Nuwamba 2021 babbar kotun tarayya a Abuja ta kira 'yan bindigar daji 'yan ta'adda. Ni ban ƙirƙiro sunan ba.

Ɗan Birnin Gwari:
Baba Sajan, da girmanka, baitinka na ƙarshe ya yi tsawo, kuma ban yarda da shi ba.

Mai ɗaki ya san yoyonsa,
Baƙo sai dai ya yi tambaya.
In za mu Kaduna da asuba,
Sai mun jira motar rakiya.
Gonar gado ta zama kurmi,
Tsatsa ta cinye fartanya.
Da aka zauna da na daji,
Kara ta buɗe, an sai da saniya.
Ban ce mutanen kirki ba ne,
Na san wanda ya mai da ni maraya.
Na gan shi ran kasuwa da idona,
Yana taya gishiri da tsintsiya.
Jikina ya ɗauki rawa,
Na sunkuyar da kai na bi hanya.
Durƙusa wa wada muka yi,
Don yara su kwana lafiya.

A ƙarshen 2024 aka yi zaman sulhun namu. Ban san me gobe za ta haifa ba, amma bana na ci masarar da na shuka da hannuna.

Sajan Mai Ritaya:
Allah ya jiƙan mahaifinka, ɗana. Sai dai wannan wadan naka bindiga ce a kafaɗarsa. Gwamna Masari ya yi irin wannan zama a Katsina a 2019, har da hotuna. Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara.

Wada mai bindiga a kafaɗa,
In ka durƙusa ka miƙa wuya.
Katsina an yi, Zamfara an yi,
An sha rantsuwa, an ja aya.
Tuban muzuru muka sha gani,
Kaji ne ke biyan diyya.
Ku kun sami barci a Gwari,
Maƙwabta fa, wa ke musu kariya?
Wanda bai ajiye makami ba,
Hutu ya ɗauka, bai canja niyya.

Ɗan Ruga:
A ba ni baiti uku kawai, ni ba gwani ba ne.

Garkenmu aka fara korawa,
Ba wanda ya ji a Najeriya.
In na shigo gari da sandata,
Ɗan sa-kai na bi na a baya.
Na daji sun ce na sai da su,
Na gari sun ce mu duka ɗaya.

Malam Na-Rigasa:
Wallahi ka fi mu gwaninta, Ɗan Ruga. Sajan, ni ba soja na zaga ba. Gawa na kawo muku, kuka tsallake ta kuka kama gardama.

Hajiya 'Yar Tsafe:
Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa ban tanka ba. Ƙanina wata bakwai ke nan a hannunsu.

Kun ja sulhu, kun ja yaƙi,
Ni ƙanina nake tambaya.
A gona suka tarar da shi,
Yana tsugune tonon gujiya.
Suka yanka kuɗi, suka ce babur,
Da man fetur da katin waya.
Mun sai da gona, mun sai da sa,
Har da gadon ɗakin amarya.
Wanda ya kai musu suka riƙe shi,
Wai babur ɗin ya sha tafiya.
Baba Sajan ka ba ni amsa,
Kai da ka san aikin tsaro da wuya:
In na ji jirgi ya nufi daji,
Wace addu'a zan yi, don Sarki ɗaya?
In ce ya sauka kan azzalumai?
Da shi da su fa bukka ɗaya.
In ce ya wuce kar ya taɓa su?
Gobe su zo su ɗauki Yaya.
Ɗan Gwari, in an ce sulhu,
Sai in ji sanyi a zuciya,
Sai in tuna da kuɗin gonarmu
Aka sayi harsashi, na san gaskiya.
Inna ta daina cin tuwon dare,
Tana zaure tana kallon hanya.

Sajan Mai Ritaya:
Hajiya, ba ni da baiti. Shekara talatin na yi da kaki, ba a koya mini amsar wannan ba. Allah ya kuɓutar da su duka biyun.

Ɗan Birnin Gwari:
Amin. Yaya Hajiya, in sun kira kada ki nuna musu akwai sauran abin sayarwa. Mu abin da ya ja mana ke nan.

Hajiya 'Yar Tsafe:
Amin, na gode. Babu ma saura. Ni zan sauka, batir ya yi ja, kuma yawanci bayan magariba suke nemanmu.

Kullum ina wurin mai caji,
Ko ban ci ba sai na biya,
Kar su kira da muryar ƙanina,
A ce musu a kashe take waya.