Abin da aka tattauna a Daura kan zaman kullen korona

Muka zauna da yamma a ƙofar wani badukun unguwarmu, da masu ɗinkin kayan doki, da wani mai masaukin baƙi, aka tuna baya. A watan Afrilun 2020 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kulle Daura, bayan wani likita a garin ya rasu da cutar. Aka soke hawan Sallah, rijiyar Kusugu ta yi shiru, ga iyakar Kongolam da ke tsakaninmu da Nijar a rufe tun 2019.

Maganar da ta fi ɗaukar lokaci ita ce ta ajiya. Badukun ya ce ya tara linzami da jalala yana jiran 'yan hawa, suka kwana a buhu shekara guda, ɓera ma ya taɓa. Shawararsa: kada a zuba jari duka a kayan Sallah da na Gani, a riƙa haɗawa da takalma da jakunkunan makaranta, waɗanda ake saya ko da baƙo ko babu. Ni dai na ga gaskiyarsa.

Wani matashi ya ce hotunan kayansa da ya riƙa sawa a WhatsApp su suka ciyar da gidansu, direbobin Kano na kai saƙo da aka buɗe hanya. Wani dattijo ya ce, "Yaro, mu wayarmu ta kira ce kawai." Aka ce to jikoki su taya.

Adashi kuwa kowa ya yarda a ci gaba da shi. Mai masauki ya ƙara da cewa ya bar tulun wanke hannu a bakin ƙofa har yau.