Wace ce matar nan mai jan garma a Mother India, kuma me ya sa iyayenmu ba sa gajiya da ita?

Maman Sadik, Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sanin tsofaffin finafinan Indiya ku taimaka min. Hajiyarmu duk sanda aka ce za a tura mata kallo a waya abu ɗaya take cewa, a samo mata Mother India, ga sababbi nan masu fassarar Hausa cike da kasuwa amma ita ko kallonsu ba ta yi, kuma ba ita kaɗai ba har ƙawayenta haka suke. Na zauna na kalla da ita wlh fim ne mai tsawo kusan awa 3 amma ban iya tashi ba. Tambayata, matar nan da ta fito a uwa wace ce ita, tana raye? Kuma tana da wasu finafinan da suka kai wannan in nemo mata? Sannan ku manya ku gaya min gsky me ya riƙe ku a fim ɗin da ya girmi 'yancin kan Nijeriya.

Baba Na Fadama, Argungu:

Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah shi yi maki albarka da kike kula da mahaifiyarki. Sunanta Nargis, amma sunan yanka Fatima Rashid, an haife ta a Kalkata 1929, uwarta Jaddanbai mawaƙiya ce. Ta rasu 1981, ciwon daji ne ajalinta. Fim ɗin 1957 ya fito, Mehboob Khan ne ya shirya shi.

Kin ce mi ya riƙe mu. Ɗiyata bashi ne ya riƙe mu, don labarin bashi ne tun daga farko har ƙarshe, kuma bashi hanji ne yana cikin kowa. Ki duba yadda abin ya faro, uwar miji ta ci bashin rufi 500, kuɗin Indiya, wurin Sukhilala mai ba da bashi da ruwa don a yi bikin ɗanta a fita kunya, ita ba ta karatu, abin da ta ji da kunnenta daban abin da anka rubuta a takarda daban, da anka kai magana gaban dattawan gari takarda ta ci. Daga nan duk kaka in an yi sussuka kashi 3 cikin 4 na mai bashi ne, kashi 1 na mai gona, kuma uwar kuɗin tana nan ba ta motsa ba, ruwa kawai ake biya. Wane manomi ne tsakanin Argungu da Augie bai san wanga ba? A ba ka taki da iri da kuɗin ƙwadago da bazara a ce buhu kaza za ka kawo da kaka, in ruwa ya ci shinkafar buhunan suna nan a wuyanka. Lokacin ambaliyar 2020 da ta shanye fadamun shinkafa a jihar nan na ga magidanta tsaye bakin gona ruwa iya gani, ba shinkafar suke ma kuka ba, wanda za su je su kalli idonshi suke tunani.

To ita Radha, wato Nargis, duk wannan ya bi ta kanta. Dutse ya murƙushe hannuwan mijinta wurin gyaran sabon fili, kunya ta hana shi zama ana ciyar da shi ya fita da dare bai sake dawowa ba, shanun noma sun tafi, kwanukan gida sun tafi jingina. Wurin da Hajiyarki ke jira na san shi, inda ta ɗora garma a kafaɗa ita ta zama saniyar, 'yan ɗiyanta ƙanana suna dafe da ita ta baya. Ki sake kallon fuskarta a nan, ba kwalliya, laka har gashi, jijiyar wuya ta tashi, bakin a buɗe don nauyi. Shekararta 28 fa lokacin da fim ɗin ya fito, kuma tauraruwa ce da anka sani da kyau da ado, ta yarda anka ɓata ta haka sannan anka tsufar da ita ta koma tsohuwa tukuf mai rawar hannu. Mu da munka kalla a majigin silima muna samari ba mu jin Indiyanci, amma ba wanda ya taɓa tambayar na kusa da shi mi anka ce.

Anti Luba, Jega:

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Ni dai abin da zan ƙara ƙanwata, mu mata ba garmar ce kaɗai ke kama mu ba. Akwai inda ruwa ya cinye garin yara suna kukan yunwa ba ko ƙwayar hatsi a ɗaki, ta tafi gidan mai bashin da dare, shi kuma ya ce zai ba ta abinci in ta ba shi kanta. Ta shiga fa, har cikin ɗakin ta shiga, kina kallo kina jin kamar za ta faɗa don uwa ce kuma yaranta na mutuwa, sai ta tattaro mutuncinta ta fito hannu wofi. Wannan wurin in ana kallonsa a cikin gida tsit za ki ji, zawarawa da waɗanda maza suka tafi ci rani suka bar su da yara sun san irin mutanen da ke zuwa da taimako mai ƙugiya.

Kuma kin san wani abu, wanda ya fito a ɗanta Birju mai taurin kan nan, Sunil Dutt, shi ne mijinta a zahiri. Shekararsu ɗaya ma, duka 1929. Ana cikin ɗaukar wurin gobara wutar ta fi ƙarfin masu aiki ta zagaye ta, shi ya kutsa ya fito da ita har ya ƙone, ta yi jinyarsa, 1958 aka ɗaura aure. Su suka haifi Sanjay Dutt, Ɗan Daba Mai Lasin da samarinmu ke so. Abin tausayi ta rasu saura 'yan kwanaki a fara haska Rocky, fim ɗinsa na farko a matsayin jarumi, ba ta gani a silima ba.

Abdul Yauri:

Ina neman afuwar manya amma ni ƙarshen fim ɗin nan bai taɓa kwanta min ba. Birju shi kaɗai ne a garin nan ya gane zaluncin da ake musu, tun yana yaro yake tambaya me ya sa mu muke noma wani ke kwashewa, shi ya damu da awarwaron uwarsa da ke jingine a hannun azzalumi. Kowa ya sunkuyar da kai shekara da shekaru shi ya ƙi. To a ƙarshe shi uwar ta ɗauki bindiga ta harbe saboda 'yar Sukhilala. Ai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ni gani nake an koya wa talaka ya yi ta haƙuri har ya mutu, wanda ya ɗaga kai kuma a kashe shi a tafa.

Anti Luba, Jega:

Abdul ƙanena ka bar rabin labarin a baya. Ba don ya ƙona littattafan bashi ta harbe shi ba, ba ma don ya kashe mai bashin ba. Ya dawo gari da 'yan fashi ranar bikin yarinyar ya ɗauke ta a kan doki zai gudu da ita, yarinyar me ta ci masa? Ubanta ne azzalumi ba ita ba. Kuma Radha ta riga ta ba mutanen gari alkawari cewa ɗanta ba zai taɓa mutuncin 'yar kowa ba, matar da ta bar yaranta da yunwa don kar a taɓa nata mutuncin kana so ta tsaya tana kallo ɗan cikinta ya keta na wata? Ta kira shi ta roƙe shi bai tsaya ba. Kuma ka duba bayan ta harba, da gudu ta je ta rungume shi ya mutu a jikinta, ba wanda ya tafa a wurin nan. Mu da muke zaune a yankin da yau ake shiga ƙauye a kwashi 'yan mata a kan babura, kuma kowane mai ɗaukar bindiga yana da labarin zaluncin da aka yi masa da farko, wlh wannan ƙarshen ya fi yi min nauyi yanzu fiye da sanda na fara ganinsa ina budurwa.

Abdul Yauri:

Anti na ji, batun yarinyar kina da gaskiya ban musa ba. Amma har yanzu ina nan kan cewa dattawan garin da suka goyi bayan takardar ƙarya tun farko su ma da hannunsu a jinin Birju, kuma fim ɗin ya bar su sun tafi salin alin.

Malam Sani Mai Kaset, Gwandu:

Maman Sadik bari in amsa maki ɗaya tambayar tunda an tafi muhawara, na daɗe ina sana'ar hayar kaset kafin waya ta kashe kasuwar. Sauran finafinanta yawanci marasa kala ne baƙi da fari, ki gaya wa Hajiya tun da wuri kar ta ce an turo mata lalatacce. Ki fara da Awaara na 1951 ita da Raj Kapoor, a nan lauya ce mai suna Rita tana kare saurayinta ɓarawo a gaban kotu, alƙalin da ya tashe ta kuma ashe shi ne uban yaron da ya kori uwarsa tana da ciki, kuma wanda ya fito a alƙalin Prithviraj Kapoor mahaifin Raj ne na gaske. Fim ɗin nan har Rasha da Sin da Turkiyya ya yi tashe. Sai Shree 420 na 1955, malamar makaranta ce talaka mai suna Vidya, shi ne mai waƙar nan da suke tafe cikin ruwan sama da lema ɗaya, na tabbata Hajiya tana jin kiɗan za ta gane. In tana son na soyayya mai rikici ki nemo Andaz na 1949, ita da Dilip Kumar da Raj Kapoor, maza biyu mace ɗaya, duk irin labarin nan da finafinanmu na Hausa suka yi ta juyawa to ga kakansu nan. Akwai Chori Chori na 1956 mai ban dariya ne da sauƙin kallo. Muryar da za ki ji a yawancin waƙoƙinta ba tata ba ce, Lata Mangeshkar ce wadda ta rasu 2022.

Bayan aurenta kusan barin fim ta yi, sai Raat Aur Din na 1967 da ya ba ta kyautar gwarzuwar jaruma ta ƙasar Indiya, daga baya 1980 aka naɗa ta 'yar majalisar dattawansu. Shi kuwa Mother India shi ne fim ɗin Indiya na farko da ya shiga jerin 'yan takarar kyautar Oscar a ɓangaren finafinan ƙasashen waje, wani fim ɗin Italiya ya doke shi.

Shawara ɗaya, in kin je wurin masu turawa ki ce su buɗe maki ki ga tsawonsa kafin ki biya. Da yawa abin da ke yawo a memori an yanke waƙoƙin don ya rage nauyi, kuma a finafinan Nargis rabin labarin a cikin waƙa yake, musamman wadda take roƙon mutanen gari kar su yi ƙaura su bar gonakinsu bayan ambaliya. In Mother India bai kusa awa 3 ba kar ki karɓa.