Dokin da ya faɗa f7

Bayan gasar ces (wasan darar chess) ta 'yan koyo a Katsina, an daɗe ana muhawara kan wasan da baƙi, wato mai buga baƙaƙen 'ya'ya, ya sha kashi tun a buɗewa. An buga 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4 Nf6 4.Ng5 d5 5.exd5, sai baƙi ya rama da doki, Nxd5 (a rubutun ces, N doki ne, B bishof, x alamar ci, irin su d5 da f7 kuma sunayen gidajen allo ne). Nan take fari ya sadaukar da dokinsa a f7, sarkin baƙi ya fito fili, sarauniyar fari ta rutsa shi daga f3.

Tsofaffin hannu suka ce 5...Na5 ya kamata: a kori bishof ɗin c4, a haƙura da soja ɗaya, a riga fari fito da 'ya'ya. Wasu suka ce tun farko 3...Bc5 ya fi kwanciyar hankali, tunda sarauniyar baƙi na gadin g5, gidan da dokin fari ya bi ya kai f7. Ni ma nan na karkata, musamman ga wanda hadda ke ba wuya.